Injin Baffanku da Wayar Gidana

Ku matso nan kusa, ku 'ya'yana da jikokina, ku bar latsa wayoyin nan ku ba ni kunnenku. Ina jin abin da ake faɗa a gidajen biki da na suna, wai Saude ce ta raba gidan Malam da na Alhaji saboda ƙanƙara. Kunnena bai mutu ba ko da ƙafa ta gaza. Na yi shiru shekaru saboda akwai waɗanda nake jin nauyinsu, yanzu kuwa ƙasa ta rufe yawancinsu, ni ma ban san ranar tawa ba. Gara ku ji daga bakina, da tsarinsa, kafin a gama dafa muku shi da gishirin wasu.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwar mahaifinku ce. Malam bai bar mana gona ba, bai bar shago ba, ya bar ni da ku huɗu ƙanana da firiza biyu da ya saya mini tun yana da ƙarfi. Da su nake ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, 'yan acaɓa su ɗauka a kula su kai Roni da ƙauyukan hanya. Da na fita takaba na sayar da 'yan kunnena na aure na ƙara firiza ta uku. Wannan ta ukun ita ce ta zama laifina a bakin mutane, ku riƙe ta.

Yayarku kuwa, 'yar farina, ba a hannuna ta tashi ba. Tana yaye aka kai wa Alhaji, yayan mahaifinku, shi da matarsa Hajiya da Allah bai ba su haihuwa ba a lokacin. Ku kuna ce masa Baffa, ni ina ce masa Yaya Alhaji, ita kuwa Abba take ce masa, kuma har yau ban taɓa kiran sunanta ba, 'Yar Baffa nake cewa. Ba zan ci amanar mamaci ba: ya riƙe ta riƙo na gaskiya. Shi ya tsaya kai da fata ta shiga makarantar fasaha ta nan Kazaure ta karanta aikin lantarki, lokacin da ake cewa mace da hawa falwaya ai abin dariya ne. In ta fito da jakarta yakan ce wa masu zama a ƙofar gidansa, ku tashi ga injiniyata.

Shi sana'arsa niƙa ce. Yana da inji uku a rumfa ɗaya, na gari da na ɓarza da na markaɗe, kuma da wutar lantarki suke aiki ba da gas ba. Wani kamfanin man gyaɗa ne ya rufe a Kano ya je ya sayo motocinsu na lantarki masu juya inji, ƙatti, kowane ɗaya sai maza huɗu sun ɗaga. Ya ɗora su a kan 'yan injinan da ƙaramin moto ma zai ja. Sannan yana da wata ɗabi'a: da an kawo wuta zai tayar da duka ukun, ko akwai niƙa ko babu, su yi ta gurnani wuni guda. Ya ce ƙarar ita ce shelarsa, mace tana ƙuryar ɗaki a bayan dutse za ta ji ta san an kawo wuta, Alhaji yana aiki, ta aiko da hatsinta. Mu da katanga ɗaya ta raba mu da rumfar har mun daina jin ƙarar, sai in ta tsaya ne muke firgita.

Da bazara ta kama, taransifomar unguwa ta ƙone. Muka zauna cikin duhu da zafi har aka yi karo-karo aka gyara. Tun ba a gama ɗaure ta ba magana ta fara yawo, wai ai da lafiya ƙalau take sai da matar marigayi ta ƙara firiza. Wai firiza dare da rana take shan wuta, shi kuwa Alhaji ga mitarsa nan kowa ya je ya gani, inji uku amma da ƙyar take motsi. Na je ɗiban ruwa wata ta ce da ni, Saude a sassauta mana mana, mu ma muna son fanka. Na haɗiye.

Wata la'asar sai ga 'Yar Baffa ta shigo da wasu na'urori da ta aro a makaranta, ɗaya mai baki kamar awartaki. Ta ce malaminsu ya ce kowa ya je ya auna kayan wuta na gaske a unguwarsu ya yi lissafi. Ta riga ta auna na rumfar Abbanta, ta zo ta auna nawa. Ina ƙulla zoɓo a leda ina satar kallonta, tana maƙala bakin abin a waya tana rubutu. Can na ga ta zauna a kan turmi ta yi tagumi.

Na ce, “Ke lafiya? Ko ni ce ɗin da gaske?”

Ta ce, “Iya, da ma ke ce da ya fi mini sauƙi.”

Ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci kawai na zauna, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ga yadda ta faɗa mini. Ta ce wutar nan da ake kawo mana ba wucewa take yi gaba ɗaya kamar ruwan kwata ba, zuwa take yi tana komawa. Ta ce in ɗauka ana biki, mata goma sun shigo ta zaure kowace da ƙwarya a ka, amma biyu ne kawai ƙwaryarsu da abinci, takwas ɗin wofi suka shigo da ita wofi za su fita, su kuma sake dawowa. Abincin biyu ne, amma zauren na mutum goma ya ɗauka, kuma cunkoson ne ke rushe shi. Zauren shi ne waya da taransifoma. Mita kuwa abincin kawai take ƙirgawa, ba ruwanta da masu ƙwaryar wofi.

“To ya ake gane masu wofin?” na tambaye ta.

Ta ce, “Lissafi ne ɗan ƙanƙani, Iya. Ki auna ƙarfin da ke turo wutar, shi ne bolt. Ki auna yawan da ke bin waya, shi ne amfiya. Ki ninka su, kin sami duk abin da waya ta ɗauko. Sai ki auna wanda ya zama aiki na gaske, shi ne wat. Ki raba na aikin da na ɗaukan. In ya fito ɗaya cur, ba ƙwaryar wofi ko guda. In ya yi ƙasa, to ana wahalar da waya a banza.”

A makarantarsu pawa fakto suke ce masa, ni kuwa kason aiki na sa masa suna don ya zauna mini. Ta ce kason aikin firizata ya kusa takwas cikin goma, kuma su ukun a haɗe ba su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na abin da moto ɗaya na Abbanta ke ja ba. Motocinsa kuwa in suna juyawa ba niƙa, biyu cikin goma ne aiki. Ko an zuba hatsi da ƙyar suke kai rabi, domin an ba ƙato aikin yaro. Ba ta ɗora masa duka ba, ta ce unguwa ta cika, taransifomar ta yi mana kaɗan tun tuni, amma babban kayan da za a sauke mata ba tare da kowa ya rasa komai ba yana cikin rumfar nan. Magani kuma uku ne, duk wanda ya ga dama: ya riƙa kashewa in ba niƙa, ko ya canza ƙananan motoci, ko ya sa kafasita, wadda ta ce kamar a ajiye ƙoren wofi ne a gindin tukunya su daina bi ta zaure.

Na ce ta je ta faɗa masa a ɗaki, ita da shi, ba wanda ya ji. Ta je. Washegari ta dawo idonta jawur. Ta ce ya saurare ta har ƙarshe, har ya karɓi na'urar ya maƙala da hannunsa ya ga lambar. Sannan ya miƙa mata ya ce:

“Na ji, kuma na gani. Amma ki sani, ranar da aka ji rumfar nan shiru, ko aka ga na sauke manyan motoci na ɗora ƙanana, kafin magariba an kai labari kasuwa cewa Alhaji ya karye. Ki kai wa malaminku lissafinsa ya ba ki maki. Kada in ƙara jin sa a gidan nan.”

Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan duk fushina yake. Ya sani. Rashin sani ba laifi ba ne, duk unguwar ba wanda ya sani, har ni. Shi kuwa ya gani da idonsa, 'yarsa ta nuna masa.

Ana saura kaɗan a shiga azumi taransifomar ta sake ƙonewa. Wannan karon mutane sun harzuƙa. Maza suka taru a zauren mai unguwa, ni ba a kira ni ba, mace mai zaman kanta a gidan miji wa zai kira ta. Maƙwabcinmu tela ne ya kawo mini yadda aka yi, yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce an yi ta hayaniya ana kiran sunana, Yaya Alhaji yana zaune a kan buzu yana jan carbi bai ce uffan ba. Da mai unguwa ya ce, Alhaji matar ƙaninka ce, me ka ce, sai ya gyara murya ya ce a yi haƙuri, a cire mata wayar in an gyara, shi ya ɗauki nauyin cinta da na marayu. Zaure ya ɗauki kabbara. Ana ta Allah ya saka wa Alhaji, irinsa ake so a dangi.

Da aka gyara aka kawo wuta, ina tsakar gida na ga kan tsani ya leƙo ta saman katanga. Mai gyara ya hau ya kwance wayata ya naɗe ta ya jefo mini cikin gida kamar mataccen maciji. A daidai lokacin motocin rumfa suka tashi, duka ukun, har ƙasa tana rawa. Da yamma aka shigo mini da buhun gero, wai in ji Alhaji. Wallahi ban taɓa jin abinci ya yi mini wari ba sai ranar. Na ce da masu dakon su mayar masa, su ce Saude ta gode, ba ta fara bara ba tukuna.

Ku ƙananan ba za ku tuna ba. Azumi shi ne kakar mai ƙanƙara, abin da na samu a watan shi ke kai mu har damina. Ga firiza uku a buɗe suna tsami, 'yan acaɓa sun koma wajen wata a cikin gari, yara a layi suna bin ɗayanku suna ce masa ɗan Ƙona-wuta har ya ƙi zuwa makarantar allo. Na aika wa Hajiya, matar Alhaji, ta yi masa magana. Ta aiko cewa in yi haƙuri, namiji ne, in aka bi shi a hankali zai sauko. Mahaifiyata ta zo daga Kanya Babba ta ce in karɓi geron in rufe bakina, gajeriyar katanga ai kowa ita yake tsallakawa, haka duniya take. Na ce Inna, ni ma na san gajeriya ce, amma a kaina take tsaye.

Na aika aka kira 'Yar Baffa. A al'adarmu uwa ba ta neman komai wajen ɗan fari, ba ta shiga maganarsa, ba ta ma haɗa ido da shi sosai, balle wanda ta bayar riƙo. Ranar na ajiye wannan kunyar a gefe.

Na ce, “Zan je wajen mai unguwa. In ya kira ki za ki faɗi abin da kika gani?”

Ta durƙusa ta kama ƙafata. “Iya, don Allah kada ki sa ni. Ki ba ni lokaci, zan shawo kansa. Jiya ma na ga yana tambayar kuɗin kafasita a waya.”

“Tambaya yake yi, ni kuwa ƙannenki yau ɗumame suka ci ba miya. Ba ce miki na yi ki zage shi ba. Abin da ƙarfen nan ya nuna kawai za ki faɗa.”

“Shi ya raine ni, Iya.”

“Ni kuma na haife ki, ban taɓa tuna miki ba sai yau.”

Ta tashi ta fita.

Na yafa mayafi na je gidan mai unguwa, na zauna wajen matarsa na ce ba zan tashi ba sai ya saurare ni. Dattijo ne mai gudun rigima, ya yi ta cewa Saude ki bari a sha ruwa tukuna. Na ce ranka ya daɗe, an yanke mini hukunci ba a ji bakina ba, ko ɓarawon akuya ana tambayarsa. Ban ce a kashe wa kowa inji ba. A zo a auna, gani ya kori ji. In ni ce, da hannuna zan fitar da firizar in sayar.

Bayan la'asar aka taru a bakin rumfa, har da wani ma'aikacin wuta da mai unguwa ya gayyato. Ina tsaye daga ƙofar gidana, mata sun cika soro a bayana. Aka aika kiran 'Yar Baffa, aka daɗe, har na fidda rai. Sai ga ta nan da hijabinta da jakarta, ba ta kalli inda nake ba. Aka jona mini wuta na ɗan lokaci ta auna nawa ta faɗi lamba. Ta shiga rumfa ta auna moto ɗaya yana juyawa ba niƙa ta faɗi lamba. Ta yi ninkawar ta yi rabawar a fili, ma'aikacin wutar ya karɓa ya sake aunawa ya gyaɗa kai. Wani tsoho ya ce to amma ai mitar Alhaji ba ta gudu. Ta ba shi misalin ƙoren nan. Motocin na ta gurnani a bayanta.

Yaya Alhaji ya miƙe ya je ya kashe su da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo ya dube ta.

“Wa ya saya miki littafin da kika koyi wannan?”

“Kai ne, Abba.”

“Wa ya kai ki makarantar?”

“Kai ne, Abba.”

“To madalla. Na ga amfaninsa.”

Mai unguwa ya ce a mayar mini da wayata a take, Alhaji kuma ya riƙa kashewa in ba niƙa har ya sa kafasita. Ba wanda ya zo ya ce mini Saude yi haƙuri mun zalunce ki, ko mutum ɗaya. Waɗanda suka yi kabbara ranar da aka ce a cire su suka fi kowa saurin aiko yara sayen ƙanƙarar buɗa baki. Taransifomar kuwa ta ƙare bazarar nan lafiya.

Kashegari da hantsi adaidaita sahu ta tsaya a ƙofata. Gidan da katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma sai da Yaya Alhaji ya ɗauko haya ta zagayo ta babban layi don kowa ya gani. Akwatunan 'Yar Baffa ne, da katifarta, da littattafanta, har da 'yar kujerar da take zama tun tana ƙarama. Direban ya ce Alhaji ya ce ga ajiyarku nan, ya gode. Ku da kuka tashi yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A mayar da ɗan riƙo bayan ya girma, gara a mare ka a kasuwa. Ta shigo bayan kayan ta tsaya a tsakar gidan da ba ta taɓa kwana a cikinsa ba tun tana goye, ba ta san ma inda muke ajiye buta ba.

Na samu wutata, na ciyar da ku, ba ku ci geron kowa ba. Ita kuwa ta zauna da ni kamar baƙuwa, ina kwana Iya, sai da safe Iya, shi ke nan. Kowace Juma'a sai ta je gaishe shi, ya amsa daga cikin ɗaki bai ɗaga labule ba. Da aurenta ya zo, shi ne waliyyinta a shari'a da al'ada, dattawa suka yi ta sintiri, ya ce uwarta ta ɗaura tunda ita ta iya shari'a. Wani kawu na nesa aka ɗauko daga Gwiwa ya karɓi sadaki. Ta yi kuka ranar irin wanda ba na amare ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ita ta yi jinyarsa a asibiti, Hajiya ta ce mini yana karɓar ruwa daga hannunta amma bai kira sunanta ba har ya cika. Allah ya jiƙansa, na yafe masa abin da ya yi mini. Abin da ya yi mata ne har yau na kasa mantawa, babban mutum ya rama kunyarsa a kan yarinyar da ba ta yi masa ƙarya ko ta kalma ɗaya ba.

Yanzu ita ake kira Babura da Roni in masu injin casa ko na niƙa sun ga wutarsu tana wahala, ta je ta auna ta sa musu abin da ya dace. Sallar da ta wuce ta zo da yaranta, muna zaune ni da ita muna yankan alayyahu, ba wanda ya tayar da zancen, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

“Iya, lissafin daidai ne, ko yau aka ce in sake haka zai fito. Amma da kin ƙara mini mako biyu, da na shawo kansa a ɗaki.”

Na ci gaba da jan wuƙata. Mai yiwuwa da ta shawo kansa. Mai yiwuwa kuma da har yau ina aika ɗayanku da kwano ƙofar rumfa, ana ce mana gidan Ƙona-wuta. Ita ta san Abbanta, ni kuma na san abin da ke cikin tukunyata a watan nan. To ku da kuka ji duka, ku da kuka ci tuwon da ƙanƙarar nan ta saya, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: da ku ne a tsakar gidan nan da marayu huɗu, ga wanda ya san gaskiya yana jan carbi a bayan katanga, za ku ba shi mako biyun?